Abin da Yaya Ya Faɗa a Rediyo

Yayana bai taɓa ɗaukar abin da ya fi makirufo nauyi ba, amma duk garin nan Mai Hikima ake ce masa. Shiri yake gabatarwa a wani gidan rediyo duk mako da yamma, inda yake tsinto zantukan hikima na al'ummun duniya ya jera, yana koya wa mutane zaman duniya. Abin da mutanen Sin suka ce a kan haƙuri, abin da Farisawa suka ce a kan maƙwabci, da abin da masuntan wani tsibiri, wanda ko a taswira sai an sa tabarau, suka ce a kan tsufa. Shi kuwa ko iyakar ƙasa bai taɓa tsallakawa ba. Murya ce dai Allah ya ba shi, mai kauri mai sanyi, wadda ko farashin tumatir ya karanta da ita sai ka ji kamar ka tuba.

Mu na gida ma ba mu tsira ba. Ranar da iska ta yaye rufin ɗakina na kira shi ya turo mini kafinta, sai da ya kai ni Indiya ya dawo da ni, kafinta kuwa ni na nemo abina. Ba zan maimaita ko ɗaya daga cikin maganganun nan ba. Masu su sun sha wuya kafin su faɗe su, shi kuwa a bagas ya tsince su, kuma na ji su har sun gundure ni.

Inna, mahaifiyarmu, ita ce babbar mai sauraronsa. Shekara da shekaru tana sayar da yadi a kasuwa, mace mai tsafta da ji da kai, ba wanda ya taɓa ganin ɗigon miya a mayafinta. Sai ga shi wata safiya ta faɗi a bakin rumfarta, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. A asibiti magana ta dawo, hankali garau, amma ba ta iya riƙe fitsari, wani lokacin har da babban. Aka fara sa mata ƙunzugu irin na manya. Ranar farko da na canza mata, ta kama wuyan hannuna da hannunta mai lafiya, ta matse har sai da na ji zafi.

"Auta, ke kin riga kin gani," in ji ta. "Ya tsaya a kanki. Ko yayanki kada ya sani."

Abin da ta roƙe ni ke nan duk tsawon jinyar. Ba ta nemi in rage mata ciwo ba, ba ta yi kukan ƙafarta ba, asirinta kawai take so a rufe.

Ni a gidan burodi nake aiki. Da safe ina kwaɓa fulawa, da rana na wanke hannu in nufi asibiti. Ɗakin mata ne, gadaje a jere, kowane da labulensa da 'yar durowa a gefe. Na koyi yin aikin ba tare da an ji motsi ba. In ja labule, in kawo ruwan ɗumi a roba kamar zan goge mata fuska, in gama in barbaɗa hoda, in ƙulle abin a baƙar leda in tura cikin jakata. Ko kwandon sharar ɗakin ba na amfani da shi, can bayan gini nake kaiwa. Zanen gado in ya jiƙe, ninke shi nake yi jiƙon yana ciki, in fita da shi kamar mai ɗauke da kayan guga. Nas-nas sun sani, amma su aikinsu ne, kuma sun kama bakinsu.

Matan ɗakin kuwa abu ɗaya suka sani game da Inna, ita ce uwar Mai Hikima. Ai ba ta bari an manta ba. Ranar shirin tun da azahar take sa in goge rediyonta in ɗora a kan durowa, lokaci na yi a ƙure murya, kowa ya yi shiru, har da matar gadon kusa, mai ciwon suga, wadda bakinta ba ya hutawa. Inna ta lumshe ido tana gyaɗa kai. In ya zo dubiya kuwa sai ka ce gwamna. Turare ne ke fara shigowa, sannan shi. Ya tsaya daga ƙafar gado, hannu a baya, ya raba wa marasa lafiya hikimar ƙasashe, ya duba agogo. Bai taɓa zama a bakin gadon ba, kada gugar rigarsa ta lalace.

Wata rana ya zo da wuri, ya ɗaga labulen ba sallama. Na riga na rufe Inna, fuskarta tana kallon bango, ba ta gan shi ba. Amma ledar tana hannuna, jiƙaƙƙen zanen yana ƙasa. Na ga idonsa ya sauka a kansu, na kuma ga ya yi wani haske da na sani sarai, hasken da yake yi in ya tsinci abin sawa a shiri.

Domin haka yake aikinsa. Zantukan kaɗai ba sa cika lokacin da aka ba shi, sai ya haɗa da abin da yake kira misali daga rayuwa, kuma rayuwar tamu ce. Lokacin da aka sallami mijina daga aiki, ya zama wani bawan Allah da bai yi tanadi ba. Rigimar kawunmu da 'ya'yansa ta ci shiri biyu. Dokarsa ɗaya ce, ba ya ambatar suna. A tunaninsa in ka cire wa mutum suna, ka cire shi daga labarin ke nan.

Na bi shi har baranda, na gaya masa abin da Inna ta roƙa, na ce in ya kuskura ya kai wannan gidan rediyo ni da shi ne. Ya yi murmushin nan nasa na manya.

"Haba Auta, ni za ki koya wa riƙe sirri?"

Ya ƙara da abin da wasu makiyaya na can wani dutse suka ce a kan harshe, ya tafi.

Ranar shiri ta zo. Na goge rediyo, aka ƙure murya. Ya ce yau zai yi magana a kan kula da iyaye in sun tsufa. Ya zaga da mu gabas da yamma, Inna tana gyaɗa kai. Can sai ya sassauta murya, ya ce akwai wata dattijuwa da ya sani, ba zai faɗi sunanta ba, 'yar kasuwar yadi ce, tana kwance a asibiti yanzu haka, ɓarin jikinta ya shanye. Ya ce matar da a da ko ƙura ba ta sauka a mayafinta, yau ta koma kamar jaririya, sai an ɗaura mata ƙunzugu, sai an wanke ta. Ban san lokacin da na miƙe ba, amma igiyar rediyon ta bayan durowa take, kafin in kai gare ta ya riga ya ƙarasa.

"Kuma ɗanta," in ji muryar, "yakan naɗe hannun rigarsa, ya ɗauki zanen gadon da ta ɓata, ya fita da shi yana godiya ga Allah da ya ba shi wannan dama."

Na fizge igiyar. Ba wadda ta kalli Inna, kuma rashin kallon ya fi kallon muni. Matar gadon kusa ce ta kasa haƙuri, ta ce ai ba komai Inna, lalura ce, ita ma ƙanwar kakarta haka ta yi fama. Da kyakkyawar niyya ta faɗa. Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Washegari 'yan kasuwa suka fara zuwa. Duk sun ji, duk sun gane, ai mai yadi guda ce ta faɗi a bakin rumfa. Suka zo da tausayi fal fuska, suna magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki. Maƙwabciyar rumfarta, wadda suka shekara suna gasar masu saye, ta shigo da ƙatuwar ledar ƙunzugu, ta dire a tsakiyar gadon inda kowa zai gani, ta ce gudunmawarta ce, kuma an ce wannan samfurin ba ya yoyo. Suna fita suna yabon Yaya, ɗa na gari, irin wanda kowace uwa ke roƙo.

Daga ranar Inna ta daina shan ruwa. Ba ta yi gardama da kowa ba, in na kawo kofi sai ta rufe baki ta kau da kai. Shayi ma haka. Lissafinta mai sauƙi ne, abin da bai shiga ba ba zai fita ba. Leɓenta ya bushe ya tsage. Aka sa mata ƙarin ruwa, ta cire allurar da haƙori. Likita ya kira ni gefe ya ce in aka ci gaba a haka ƙodarta za ta taɓu, kuma jikin da ya riga ya raunana ba zai jure ba. Na roƙe ta, na yi kuka, na yi faɗa. Ko kallona ba ta yi ba. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban ji ba ko ranar da ta faɗi.

Na kira Yaya na zazzage masa. Abin da ya fara cewa shi ne ai bai ambaci suna ba. Na biyu kuma, shirin ya taɓa zukata, saƙonni sai shigowa suke yi. Na ce ya zo ya ga zuciyar da ya taɓa.

Ya zo da yamma, turare a gaba. Ya tsaya a wurinsa na kullum, ya fara bayani a kan kunya, yadda masana na wata ƙasa suka raba ta gida biyu, mai amfani da marar amfani. Inna ta sauke mayafin daga fuskarta. Tun ranar shirin ba ta yi doguwar magana ba, muryar ta fito a shaƙe.

"Auta, ɗauko zanen da kika cire ɗazu."

Yana ƙarƙashin gado, na ninke shi ina jiran ɗakin ya rage mutane. Ɗan abin da ya rage a jikinta ne ya fita, kaɗan ne, amma warinsa ya fi na kullum ƙarfi. Na ɗauko.

"Ba shi," ta ce. Sannan ta dube shi. "Ka gaya wa duniya kana ɗauka. Ɗauki ka kai wurin wanki, in gani da idona."

Duk matan ɗakin suna kallo, wannan karon ba wadda ta kau da kai. Yaya ya dubi zanen, ya dubi farar rigarsa. Ya kama gefe ɗaya da yatsu biyu, ya miƙar da hannu nesa da jikinsa, ninkin ya warware, jiƙon ya fito fili. Ya yi 'yan taku zuwa ƙofa yana ɗauke numfashi. Daidai nan mai shara ta zo wucewa da bokitinta. Wallahi ko tunani bai tsaya yi ba, ya saka mata a bokitin, ya ce don Allah baiwar Allah ta taimaka. Sannan ya zaro hankici yana goge yatsu ɗaya bayan ɗaya.

Matar gadon kusa ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Inna ba ta yi ba.

"Je ka gida," in ji ta. "Na ji isasshe."

Ya tsaya a bakin ƙofa leɓensa yana motsi, na san lalube yake a cikin rumbunsa. Kuma sai da ya samo. Da ya ga ba mai saurare a cikinmu, ya juya ya faɗa wa nas ɗin da ke rubutu a tebur, wani abu a kan fushin iyaye, daga bakin mutanen wata ƙasa mai sanyi. Nas ta ce masa lokacin dubiya ya wuce.

Na daɗe ina jiran ranar da Inna za ta gan shi yadda nake ganinsa. Da ranar ta zo ban ji daɗin komai ba, tausayinta kawai na ji, da haushinsa da ya ƙaru.

Ta ce in ba ta ruwa. Na tallafo kanta, ta sha a hankali, yana zuba ta gefen bakin da ya karkace, ina gogewa. Ta shanye, ta ce in ƙaro. Na kai hannu zan ja labule, ta ce in bar shi, me ya rage da za a ɓoye. Da ta gama na kwantar da ita, na gyara mata filo, na sa hannunta marar motsi a kan cikinta. Har na ɗauka barci ya ɗauke ta, sai na ji ta yi magana ƙasa-ƙasa, idonta a rufe.

"Amma dai muryar tasa ta fita da kyau ranar, ko?"

Na ce ta fita, Inna. Na ɗauki kofin na tafi wankewa.