Fijon da Za Ta Raka Ogechi Gida

Ranar da za a tafi da gawar Ogechi garinsu, tun da safe aka turo Fijon mijinta Ambrose daga Sabon Gari zuwa rumfar Ilu mai wayarin mota a Fagge. Turo ta aka yi, domin da an murɗa makulli sai fiyus ya ƙone, komai ya ɗauke.

Tsohuwar 504 ce mai dogon baya. A cikinta Ambrose da Ogechi suka yi ta zuwa gida Kirsimeti tun suna da ƙuruciya. Tana kwance a asibiti ta sa shi ya yi mata alkawari: in ta cika, shi zai kai ta da motar nan, kada ya bar ta a hannun baƙon direba. Ɗansu Onyedika ya ƙi yarda a sa akwatin a ciki, ya ɗauko motar ɗaukar gawa. Da ƙyar aka sasanta, gawa a waccan, uban a gaba da Fijo yana jan hanya.

"Malam Ilu, kafin azahar za su tashi," in ji Ambrose. "Ka tayar min da ita."

"Allah Ya ba ku haƙuri, Oga. Madam mutuniyar kirki ce. Bari mu gani."

Ilu ya zare fiyus ɗin da ya ƙone, ya haɗa ƙwan gwaji a gurbinsa. Ƙwan ya kama fau, alamar akwai wayar da ke taɓa jikin mota. Ya cire wayar hon, bai mutu ba. Ya cire ta fitilun baya, ta rediyo, ta abin goge gilashi, ƙwan yana nan yana harararsa. Dole ya kwance dashbod.

Masu wayarin garin nan suna da wani hali mai ban haushi: ba sa cire tsohuwar waya. In ta lalace sai su ja sabuwa a gefenta, su naɗe da baƙin salatif, su ce an gama. Duk wanda ya taɓa motar nan ya bar tasa, har da Ilu kansa. Abin da ya gani a bayan dashbod kamar taliyar da ta kwana a tukunya, ba a san farkon kowace ba.

Sannan ga wari. Ya zura hannu ya zaro tsumma da ƙayar kifi da kashin ɓera. Tun da ciwo ya hana Ogechi zuwa kasuwa, motar tana lulluɓe da tamfol, ita kuma ta mayar da ita wurin ajiyar busasshen kifin da take sayarwa a gida. Ɓeraye suka ci kifi, suka ɗora da robar wayoyi. Ko'ina tagulla tsirara.

"Oga, wannan ba gyaran yau ba ne. Sai an zare wayarin gaba ɗaya. Ka ba ni zuwa jibi."

"Jibi tana cikin ƙasa."

"To ka shiga waccan motar, ka zauna kusa da ita."

"Ba haka na ce mata ba." Ambrose ya ɗauki ƙonannen fiyus ɗin yana juya shi. "Ka ɗaura masa waya. Na sha ganin kuna yi."

Gaskiya ne, suna yi. A naɗe fiyus da tagulla mai kauri, ba zai sake ƙonewa ba, sai dai wani abin ya ƙone a madadinsa. Ilu ya san haka sarai. Ya faɗa masa. Tsohon bai yi gardama ba, ya dai tsaya da baƙar rigarsa, idanunsa sun kumbura, ya ce, "Ni ne fa, Malam Ilu. Yau kaɗai."

Kunya ta kama Ilu, da tausayi. Ta yaya za ka dubi mutumin da matarsa ke kwance a akwati ka ce masa a'a? Ya naɗe duk wayar da idonsa ya kai da salatif, har ƙwan ya dusashe. Wadda idonsa bai kai ba ya bar wa Allah. Ya ɗaura tagullar. Aka murɗa makulli, Fijo ta tashi lafiya lau.

Hankalinsa bai kwanta ba, sai ya hau babur ɗinsa ya bi Fijon har Sabon Gari. Ya ga an fito da akwatin, mata suna waƙar coci, Fijo ta shiga gaba. Wajen Kasuwar Singa, cikin cunkoson masu baro da adaidaita sahu, motar ta faɗa wani rami. Hayaƙi ya fara fita ta tagar direba.

Da Ambrose ya buɗe ƙofa ya fita, da shi ke nan. Amma sai ya zura hannu biyu ƙarƙashin sitiyari yana ƙoƙarin fizge wayoyin. Robar da ta narke ta manne masa. Kafin Ilu ya ratsa ya cire kan batir, wuta ta kama kujera. 'Yan dako suka jawo tsohon waje, wasu suna watsa ƙasa, wasu ruwan leda.

Direban motar gawa ya ce ba zai tsaya ba, ga zafi, ga nisan hanya, mutane kuma suna jira a can. Onyedika ya dubi ubansa, ya dubi akwatin, yana kuka. Ilu ya ce, "Je ka da ita. Ni zan kai shi asibiti."

A cikin adaidaita Ambrose ya ɗaga hannayensa sama, fatar ta saɓule. Bai tambayi mota ba.

"Malam Ilu, sun tsaya?"

Ilu ya waiwaya. Ko jiniyar motar gawar ba a ji.

"Sun wuce, Oga."