Yunwa a Gidan Doris

Duk wanda ya san ƙanena Zulkifilu a Makarfi ya san shi da ci. Yaron nan zai tashi da malmalar tuwon masara har uku, ya kora da ruwa, ya fita ƙofar gida ya kama shan rake kamar bai sa komai a cikinsa ba. Shi ya sa ranar da ya kira mu ta bidiyo daga Amurka, na ga wuyansa ya yi tsawo, kumatu sun zube, sai na san ba lafiya ba.

Ya tafi ne a shirin nan da ake ɗaukar 'yan sakandare su je su yi shekara guda suna karatu a can, suna zaune a gidajen mutanen ƙasar. Ranar tafiyarsa 'yan ajinsu har tasha suka rako shi, Inna kuwa sai da muryarta ta dushe don amsa barka. An sauke shi a gidan wata dattijuwa mai suna Doris, tsohuwar malamar makaranta, ita da mijinta, 'ya'yansu duk sun girma sun kama gabansu. Wayata ce mai bidiyo a gidanmu, don haka komai ta hannuna yake bi. Yakan kira da safiyarsu, mu kuwa nan la'asar ta yi.

Na ce, "Zulki, ciwo kake yi?"

"Lafiyata lau, Yaya Hafiza."

"Ba su ba ka abinci ne?"

"Suna ba ni." Ya sunkuyar da kai yana wasa da zif ɗin rigar sanyinsa.

Inna ta leƙo ta kafaɗata, ta ƙare masa kallo, ta ce sanyi ne, ai an ce sanyin can tsotse mutum yake yi. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Ana cikin yankan dawa sai wata ma'aikaciyar shirin ta kira ni. Ta ce mutanen gidan sun kai kuka ofis. Yaro ba ya cin abincinsu, yana ta ramewa, sun tabbata ba ya jin daɗin zama da su. Ta ce likita zai sake auna shi, in aka ga ramar ta ci gaba, dole a dawo da shi gida.

A dawo da shi! Makarfi, bayan duk barkar nan? Kai, ranar ban iya cin komai ba ni ma. Washegari yana kira na shige ɗaki na turo ƙofa, na hau shi da faɗa. Na ce in iskanci ne ya gaya min, in kuma naman alade suke ɗora masa ya faɗa, mu san abin yi. Na yi ta yi har na gaji. Can sai ya ce, da wata 'yar murya, "Yaya, sau ɗaya suke tambaya."

"Tambayar me?"

"In an zauna cin abinci kowa da kansa yake ɗiba. Kin san ba zan cika faranti a gaban manya ba, sai in ɗan taɓa kaɗan. In na cinye sai Mama Doris ta ce in ƙara. Sai in ce na ƙoshi, na gode. Ina zaune ina jira ta sake cewa. Sai kawai ta ce to, ta ɗauke kwanon."

Wallahi dariya ce ta fara ƙwace min. Na yi ta har da riƙe ciki, sai kuma na daina, don na san inda ya samo wannan. A gidanmu haka aka raine mu. An kawo maka abinci a gidan mutane, ka ce ka ƙoshi. Sai an matsa, an yi fushi, an rantse, an zuba maka da ƙarfin tsiya, sannan ka ci, kuma ka bar saura a kwano. Ina nan lokacin da Inna ta murɗe masa kunne a wani biki a Hunkuyi saboda ya suɗe kwanon shinkafa a gaban dangin Baba. Tun daga nan bai sake ba.

Na ce, "To firij fa? Ba su da firij?"

"Akwai. Ta ce duk abin da ke ciki nawa ne, in ɗauka duk lokacin da na so." Ya ɗago ya dube ni. "Yaya, ni in je in buɗe tukunyar mutane?"

Ashe abincin rana na makaranta kaɗai ke riƙe da shi, sai ƙuli-ƙuli da mazarƙwailar da Inna ta cusa masa a jaka. Su yake ɗan gutsura a ɗaki bayan an tashi daga tebur. Wata Asabar Doris ta tuƙa mota zuwa wani gari mai nisa inda akwai mahauci Musulmi, ta sayo naman rago, ta nemi yadda muke yin shinkafa da miya, ta yini a kicin saboda shi. Ya ce ƙamshin kaɗai ya kusa sa shi kuka. Ya ɗibi cokali biyu da tsoka ɗaya. Ta ce ya ƙara, ya ce ya ƙoshi. Jim kaɗan ta shigo ɗakinsa da wankinsa a hannu, ta same shi tsugune a bayan gado yana gurgurar ƙuli-ƙuli.

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Ta ajiye kayan ta fita. Sai na jiyo ta a kicin tana kuka." Muryarsa ta karye. "Yaya, na sa tsohuwa kuka. Matar nan ba ta taɓa ɓata min rai ba. Yanzu ko fuskarta ba na iya kallo."

"To ka gaya mata gaskiya mana, sakarai!"

"In ce me? In ce yunwa nake ji? Da bakina?"

Ni ɗin ma da nake zaginsa, da ni ce a teburin nan, abin da ya yi zan yi.

Na samu Inna a tsakar gida tana tankaɗe, na kwashe komai na gaya mata. Ta gama kaɗa rariyarta. Sannan ta ce, "Wane irin mutane ne waɗannan, ba su san baƙo ba?" Na ce su ma can haka suke tambaya a kanmu. Ta harare ni, ta karkaɗe hannu, ta ce a kira mata matar, ita za ta yi mata bayani da kanta.

Asabar ta zagayo. Inna ta yi wanka ta yafa mayafinta na zuwa biki, muka zauna a kan tabarma. Su kuma suna kan teburin karin kumallo, Doris da mijinta da Zulkifilu a tsakiya kamar wanda aka kai gaban alƙali. Inna ta fara gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya sanyi, ya ɗawainiya da yaro. Ni ina juyawa da ɗan Turancina, gumi na keto min, Doris tana ta murmushi tana gyaɗa kai.

Daga nan Inna ta ce, "Ki gaya mata, in ya ce ya ƙoshi kada ta saurare shi. Kunya ce. Ta zuba masa kawai, ta yi masa tsawa, zai ci."

Na faɗa. Doris ta dafe baki da hannu. Ta juya ta dubi Zulkifilu, idanunta suka ciko, ta tambaye shi ko duk tsawon lokacin nan da yunwa yake kwana a gidanta. Kansa ya ƙara yin ƙasa. Ta share ido, ta yi magana mai tsawo, ni kuma na ji nauyin juya ta, amma dole na juya. Ta ce ta gode wa Inna, ta kuma fahimta. Sai dai ita ba za ta iya ɗura wa ɗan wani abinci bayan ya ce a'a ba. Ko ta yi, gobe zai je gidan abokai, zai yi tafiya da 'yan makaranta, ba mai matsa masa a can. In yana so, ya faɗa. Da ta ji daga bakinsa, yau ɗin nan za ta kira ofis ta ce a bar mata shi.

Inna ta kafe wayar da ido.

"Zulkifilu."

"Na'am, Inna."

"Ka roƙa."

"Inna..."

"Na ce ka buɗe baki ka roƙa. Ni na sa ka."

Ya ɗauki farantinsa da hannu biyu. Ya miƙa wa Doris, bai ɗago ba, ya yi magana da Turanci can ƙasa-ƙasa. Doris ta kwashi ƙwai da dankali ta tula masa. Ya ci kamar za a ƙwace, hawaye na ɗiga a farantin, ya sake miƙawa. Mijin Doris ya buga tebur yana dariya, ita kuma ta tashi ta nufi kicin tana cewa akwai sauran biredi.

Na juyo cike da murna. Inna ta taɓa ni ta ce, "Me ya ce mata?"

"Ya ce yunwa yake ji, don Allah a ƙara masa."

Ita ta ba da umarnin, amma da ta ji shi da Hausa sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta daɗe a haka. Na kashe wayar, na zauna kusa da ita, ni ma duk kunya ta hana ni motsi, kamar a ƙofar gidanmu aka yi abin.

Can ta ce daga cikin mayafin, "Za su bar shi ya zauna?"

"Za su bar shi, Inna."

"Alhamdu lillahi." Ta miƙe, ta nufi ɗaki, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta waiwayo ba. "In Babanku ya dawo daga gona ki ce masa yaro ya warke. Kada ki gaya masa yadda aka yi."