Mai Zaman Kujerun Dandalin Manhaja

Baba Tafireta yana cikin sa hannu a rajistar ofis na sha ɗaya, da hannun hagu, sai ya ji an ce, "Baba, ba kai na gani ɗazu a ofis na huɗu ba?"

Ya ɗago. Jami'ar da hedikwata ta turo ce, wadda aka ɗora wa rubuta tarihin Dandalin Manhaja saboda cikarsa shekara ashirin. Ta rungumo tsofaffin rajistoci har haɓa.

"Mutane suna kama, ranki ya daɗe."

"Har da tabon shayi a gaban riga?"

Ya ja mata kujera.

Gwamnati ta gina dandalin ne domin kamfanonin da ke rubuta manhajar kwamfuta: hawa uku, gilashi ko'ina, da sassaucin haraji ga duk wanda ya tare. Sharaɗin ɗaya ne. Ofishin da ya yi mako babu kowa a kujera, a karɓe makulli, sassaucin ya bi ruwa. Ba a rufa shekara ba motar gyaran titi ta tsinke wayar intanet, aka kafa kwamiti. Masu kamfanoni suka kwashi kwamfutocinsu suka koma gida da aiki, suka bar kujeru. Baba kuwa an sallame shi daga gidan waya tun da aka daina yayin tafireta, kuma yana da abin da ake nema, wato haƙuri da mazaunai. Yanzu kamfani bakwai yake wa zama, kowanne sa'a guda. Da zaman nan gidansa ke ɗora tukunya, kuma a shekarunsa babu mai ba shi ko gadi.

Jami'ar ta baje rajistocin a tebur. "Kamfani talatin da ɗaya ne suka yi zama a ginin nan. Rubutun mutum biyu kawai na gani."

"Na dama da na hagu," in ji Baba. Rana dubu ta ɓarawo, ya ga babu amfanin wahalar da mai kaya.

"Sufeton da ke zagayen duba ofisoshi fa?"

"Ta gilashi yake leƙowa. In ya ga ƙeya, ya ji yatsu suna ƙwanƙwasa, sai ya wuce."

"To me kake bugawa?"

"Wasiƙun da na haddace a gidan waya. Tsohuwar kwamfutar da suka bari ba a haɗe take ba."

Ta buɗe littafinta. A hedikwata, ta ce, jawabai kawai ta tarar a fayil, don haka ya ba ta labari tun daga tushe. Baba ya ba ta. Minista na farko ya yanke ƙyalle, na biyu ya sauya wa wurin suna, na uku ya mayar da tsohon sunan ya sake yanke ƙyalle. Na'urar hawa bene ta yi aiki ranar Talata ɗaya. Kamfanin ofis na shida shi ne ya yi manhajar da asibitoci ke tsara layin marasa lafiya da ita.

"A nan aka rubuta ta?"

"A ɗakin girkin uwar mai kamfanin. Amma ni na zauna musu, 'yata. Shekara huɗu ban yi fashi ba, ko makon da aka yi mini aikin ido." Ya faɗi haka da alfahari, don a ganinsa yana da kamasho a ladan kowane majinyaci.

Biro ɗinta bai tsaya ba, tsoro kuma ya kama shi. Ya fara tsara yadda zai gaya wa mai ɗakinsa an kore shi daga aiki bakwai a yini ɗaya.

"Duk za ki sa a ciki?"

"Aikina ke nan, Baba."

Ta buɗe kwamfutarta, don kullum kafin ƙarfe huɗu sai ta aika wa daraktansu na hedikwata abin da ta rubuta. Ta danna, ta jira. Ta koma bakin taga ta ɗaga waya sama tana neman sabis, gilashin kuwa mai kauri ne, gwamnati ba ta yi rowa ba.

"Ina ake samun intanet a ginin nan?"

"Kwamiti bai kawo rahoto ba tukuna."

Ta rufe kwamfutar. Mako uku aka ba ta, da ofis a hawa na ƙasa, da tata rajistar. Darakta ya ce mai rubuta tarihin wuri dole a gan ta zaune a wurin, in ba haka ba a turo wani. Ta zaro makullin ofishin ta daɗe tana juya shi.

"Baba, ƙarfe nawa kake da sarari?"

Ya lalubo takardar jadawalinsa daga aljihu, ya nisanta ta da ido, ya bi layi da ɗan yatsa kamar bai san amsar ba.

"Biyu zuwa uku."

Ta ajiye masa makullin, ta tattara kayanta ta tafi gida rubuta tarihi. Shi kuwa ya ƙara ofishinta a jadawalinsa. Da littafin tarihin ya fito, a babi na biyu an rubuta cewa cikin shekara ashirin babu ofishin da ya taɓa yin mako ba kowa a ciki.