Shinkafar da Ardith Ta Dafa wa Kwikwiyo

Bayan an yi wa matata Ardith aiki a ƙugu, likita ya ce dole ta riƙa tattaki kowace safiya. Ita kuwa ta ce ba za ta zagaya unguwa ita kaɗai kamar wadda ta yar da makulli ba. Saboda haka muka je wani kantin dabbobi a nan Toledo, muka sayo kwikwiyo mai dogayen kunnuwa a kan dala dubu biyu da ɗari huɗu. Ardith ta raɗa masa suna Mosby.

Kwana uku da zuwansa ya fara tari, ya kuma ƙi abincin da kantin ya haɗo mu da buhunsa. Likitar dabbobi ta ce ciwon huhu ne, kuma da shi ya baro kantin. Ta ba da shawarar a dafa masa shinkafa da kaza ba gishiri ko zai ci, amma ta ce lallai a kwantar da shi a asibiti kafin Juma'a. Kuɗin kwanciyar ya fi ƙarfin fanshonmu. Ta rubuta mana takardar shaida mu kai kanti, domin yarjejeniyarsu ta yi alkawarin mayar da kuɗi idan dabba ta fito da cuta, ba tare da an karɓe ta ba.

Sau biyu muna zuwa ana cewa manaja ba ya nan. Ranar Alhamis muka same shi, wani matashi mai suna Trevor. Ya karɓe mu da fara'a, ya kawo wa Ardith kujera, ya karanta takardar yana jinjina kai. Sannan ya tambaya, kamar mai jaje, ko Mosby yana ɗan taɓa abinci.

Ardith ta washe baki. "Jiya ya lashe kwano tas, ɗana. Shinkafa da kaza, da hannuna na ba shi."

Na ga ya rubuta wani abu. Ya buɗe yarjejeniyar a shafi na huɗu, ya ɗora yatsa a kan wani layi: alkawarin yana rushewa idan aka ba dabba wani abinci banda na kanti a watan farko.

Na ce masa likita ce ta yi umarni, kuma tarin ya riga shinkafar zuwa. Ya ce ya fahimta ƙwarai. Na ce da mun bi layin nasa, da kwikwiyon ya mutu da yunwa. Ya ce wannan ma ya fahimta, amma Mama da bakinta ta faɗa, shi kuwa ya riga ya shigar da maganar a takarda.

"Wato tambayar ba ta jaje ba ce," in ji ni.

"Baba, aikina ne in tambaya."

Abin da zai iya yi, a cewarsa, shi ne mu dawo da Mosby mu zaɓi wani. Ardith ta tambaye shi me za su yi da Mosby. Ya ce wannan ba sashensa ba ne. Ta miƙe a kan sandarta ba ta jira na riƙe ta ba.

A mota, da muka wuce fitilun hanya biyu, sai ta ce, "Delbert, ni na jawo mana, ni da dogon bakina."

Na ce mata ciyar da mai yunwa ta yi, aka tambaye ta, ta faɗi gaskiya. Raina dai a ɓace yake.

Ƙanenta ya shekara biyar yana nacin in sayar masa da ƙaramin jirgina na kamun kifi, ina hana shi. Na tsaya a gefen titi na kira shi, na ce ya zo ya saya, mu samu kuɗin asibitin Mosby. Bai ko yi ciniki ba, abin da ya ƙara ba ni haushi. Da safiyar Juma'a muka kai Mosby asibiti, Ardith tana riƙe da ragowar shinkafar a roba.