Ashafan da Ya Saci Akuyar Marayu

Ranar da aka fara kiransa ɓarawon akuya, Malam Ashafa bai ɗauki abin da zafi ba. Ya daɗe yana hedimasta a Kurfi, ya san ba'ar mutane kan mutu da kanta idan ba a kula ta ba. Wannan kam ba ta mutu ba. Ta kwana, ta tashi, har ta yi ƙiba.

Daga rediyo abin ya fito. Akwai wani ƙaramin gidan rediyo a Dutsin-Ma da ke ware ɗan lokaci bayan La'asar a karanta wa makafi littafi, da tsofaffin da idonsu ya gaji, da kuma ɗimbin masu ido lafiya lau waɗanda ba su taɓa wahalar da shi a kan takarda ba. Wata malamar makaranta ce mai suna Zaituna take karatun, don Allah take yi. Tun da ciwon suga ya rufe wa Malam Ashafa ido, matarsa kuma ta rasu ta bar shi da ɗaki cike da littattafan da gara kaɗai ke leƙawa, wannan shirin ne karatun da ya rage masa. Da an sallame salla zai dawo zaure, ya jingina da bango, ya ɗora rediyon a ƙirji.

Sai aka shiga sabon littafi, mai wani mugun dillalin dabbobi a ciki. Mutumin ya sayar wa mai takaba sa mai tari, ya saci akuyar marayu ya yanka da sunan sadaka, ya kuma karɓi addu'ar mutane a kai. Sunansa, in ji rediyo, Ashafa.

A duk Kurfi kuwa Ashafa ɗaya aka sani.

Da farko 'yan majalisar bakin tasha ne. "Malam, barka da yamma. An ce naman ya yi daɗi?" Daga nan sai tsofaffin ɗalibansa, waɗanda ya taɓa tsula wa bulala a kan rashin karatu, suka zama manyan masana adabi a dare ɗaya. Wata Juma'a aka yi cigiyar akuya da ta ɓata a Wurma. Malam Ashafa ba ya gani, amma ya ji motsin riguna: sahu guda ya waiwayo wajensa.

Abin da ya ƙure shi shi ne babin da dillalin ya ɗaura zanin mata ya ɓuya a rumbu. Washegari ya je sayen ƙosai wurin Sa'adiya, dattijuwar da ta saba gaishe shi a durƙushe. Ta zuba masa, ta ƙara masa gyara, sannan ta ce, "Malam, ni dai tambaya ɗaya. Zanin wa ka ara?"

Ido ya tafi, mata ta tafi. Suna ne kaɗai ya rage, shi ma ga shi ana yanka shi kullum bayan La'asar. Ya koma gida ya sa babbar rigarsa ta zuwa biki, ya ɗauki sanda, ya shiga motar Dutsin-Ma. Direban ya ba shi gidan gaba, ya ce don ya riƙa ganin hannuwansa.

A gidan rediyon aka kai shi ofishin manaja, Sirajuddeen, saurayi mai ƙamshin turare da hanzarin magana. Malam Ashafa bai kai rabin bayani ba ya ji kujerar manajan ta matso.

"Wannan ɓata suna ne, Baba! Ka ce kawai ka kawo ƙara, yau ɗin nan mu dakatar da shirin. Dama akwai mai maganin basir da ya daɗe yana neman lokacin."

Malam Ashafa ya dafa sandarsa. Ya hango kansa a zaure, rediyo a ƙirji, wani yana masa bayanin basir mai tsiro.

"Wa ya ce maka ƙara na kawo? Gaisuwa na zo yi. Ina malamar take?"

Ya same ta a ɗakin karatun, wani ɗan ƙuƙumi da aka liƙe bangonsa da soso, tare da Henry, injiniyan da ke kula da na'urori. Ta gaishe shi da ladabi. Da ya faɗi sunansa sai ya ji takardun hannunta sun zube.

"'Yata," ya ce, "ni fa na koyar da karatu tun kafin a haife ki. Duk inda za ki ambaci ɓarawon nan sai kin ɗan yi tuntuɓe, kamar mai tsallake kwata. Ba sunan da ke littafin ba ke nan. Ko ƙarya nake?"

"Gaskiya ne, Baba."

"To mi na yi maki?"

"Wallahi ban san da kai ba. A bayan wata motar itace na ga sunan, ranar da zan fara. Na ce wannan ba a cika jin sa ba."

"Madalla. Sunan gaskiyar fa?"

Ta duƙa tana tsince takardun da suka zube.

"Sunan fa, Malama?"

"Ba zan iya ba, Baba. Sunan Baba ne na Dabawa, mahaifin maigidana. Shi ma idonsa ya yi rauni, ba ya fashin shirin nan. Ni ko a ɗaka ban taɓa kama sunansa ba, sai in zo in faɗa a rediyo, in haɗa shi da satar akuya?"

Henry ya ɗauki littafin ya duba. "Dalhatu," ya ce, yadda ake karanta lambar mota.

"Henry!" in ji Zaituna.

Malam Ashafa ya juya sunan a baki. Ya san kunyar surukai, ya girmama ta. Shi kansa har surukarsa ta bar duniya bai ci abinci a gabanta ba. Abin da bai taɓa ji ba shi ne a yi kunya da sunan wani bawan Allah da ke can zaune bai san hawa ba, bai san sauka ba.

"To sai ki canza."

"In canza zuwa wa? Duk sunan da na ɗauko akwai mai shi. Kuma mun yi nisa, masu sauraro za su rikice."

"In na koma Kurfi haka, yau mi ake ciki?"

Ta duba takardunta. "Yau ake kama shi a rumbun. Yara ke raka shi kasuwa da waƙa."

"Da zanin?"

"Da zanin."

Ya shafa gemu. Can sai ya ce, "Ke dai abin da ba ki iyawa shi ne furta sunan da bakinki, ko?"

"Shi ne."

"To bakina fa? Ni ba surukina ba ne. Ki yi karatunki, in kin zo wurin ki tsaya, ki buga biro a tebur. Ni zan faɗa."

Henry ya tuntsure da dariya, ya ce ai shi ma zai iya. Malam Ashafa ya ce masa ya tsaya a kan wayoyinsa, wanda aka ɓata shi ke gyara. Zaituna ta ce wannan ai wayo ne. Ya ce rabin ladabin duniya wayo ne, sauran rabin kuma tsoro. Ana cikin haka lokaci ya yi, Henry ya ɗora masa abin ji a kunne ya tura masa makirfo gaban baki.

Bayan sallama, Malam Ashafa ya gyara murya irin ta taron ɗalibai da safe. "Jama'a, Ashafa ne na Kurfi, tsohon hedimasta. An yi kuskuren suna a wannan littafi, daga yau an gyara. Masu cigiyar akuya su nemi wata ƙofar."

Zaituna ta fara karatu. "Da gari ya waye, sai matan gidan suka ji atishawa a cikin rumbu. Suka ɗaga murfin, sai ga…"

Ƙwas, biro ya bugi tebur.

"Dalhatu!" in ji Malam Ashafa, da muryar kiran suna a aji.

"…ya duƙunƙune cikin zani, ƙaiƙayi har gira. Uwargida ta ce, fito, kai…"

Ƙwas.

"Dalhatu."

Wannan karon a hankali ya faɗa, cikin takaici, kamar uban da ɗansa ya ba shi kunya. Kafin a kai kasuwa ya faɗe shi da mamaki, ya faɗe shi da tausayi, sau ɗaya ma ya faɗa ba a buga biron ba. Henry ya kife kai a kan na'ura, kafaɗunsa na girgiza. Malam Ashafa ya manta rabon da ya ji daɗin karatu irin na yau, alhali kalma ɗaya ce rabonsa.

Ana rufe shirin wayar Zaituna ta hau ruri a cikin jaka. Ta ciro, ta duba, ta yi salati.

"Baba ne. Na Dabawa."

"Ɗauki mana. Ke ai ba ki ce komai ba."

"A'a. Kai ka faɗa, kai za ka amsa." Ta ajiye wayar a tafin hannunsa.

Ya lalubi madannin, ya kara a kunne, ya jingina da kujera.

"Salamu alaikum, Alhaji. Ashafa ne, wanda ya riƙe maka muƙamin kafin yau. Kar ka damu, makon farko ne mai wuya."