Baba Yana Rubutu

Wata uku Injiniya ta shafe tana gina wa danginsu zauren hira a intanet, kuma in za a faɗi gaskiya, ba don dangin ta yi ba, don Baba ta yi. Shekara uku ke nan da ta rufe kantin maganin da ya buɗe mata ta koma rubuta manhaja, tun ranar bai sake yi mata magana ba. Ba zagi, ba faɗa. In ta gaishe shi sai ya kalli agogon bango ya amsa masa. Abin yana cinta a rai ƙwarai, ga shi duk gidan sun ɗauka ta saba.

Shi ya sa ta ce bari ta gina abin da zai gani da idonsa. Shafi ne, ka buɗe a waya, ka rubuta saƙo, kafin ka ɗaga yatsa ya isa wurin mutum arba'in da ɗaya. Har da ɗan layi a ƙasa mai nuna wanda yake rubutu a lokacin. Ta gwada shi a ofis ɗinta, wani siririn ɗaki a saman shagon buga takardu, mai tebur biyu da fanka mai juya kai gefe ɗaya kawai. Komai ya yi daidai, sai ga Yaya Babba ya hawo bene yana haki.

Yaya Babba mutum ne da ko ruwa zai sha sai ya fara duba ko ya dace. Ya karɓi wayar, ya jujjuya ta, ya ce, "Yanzu in Baba yana magana a cikin abin nan, Auta ma tana iya sako baki?"

"Rubutu ne, Yaya. Kowa na iya rubutawa."

"A gidanmu? Ke kin taɓa ganin Baba ya gyara murya wani ya ci gaba da surutu? Ki sa in ya fara rubutu a kulle bakin kowa har ya gama."

Ta ce to za ta sa ya buɗe da kansa bayan minti ɗaya. Yaya ya dube ta kamar ta zagi wani. Ya ce Baban da yakan yi shiru na rabin awa tsakanin kalma da kalma za ta ƙidaya wa minti? Don haka ta rubuta yadda ya ce: da zarar harafi ɗaya ya shiga akwatin rubutun Baba, sauran akwatuna arba'in su rufe, ba za su buɗe ba sai ya aika ko ya goge. Layi shida ne kacal, ta rubuta su tana dariya.

Kwana biyun farko zauren ya cika ya batse. Gaisuwar safe kawai sai da ta kai azahar, don kowa sai ya gaishe da kowa da suna. Goggo Tela ta sa hoton riga ɗaya sau goma sha huɗu. Kawu Direba yana aiko sunan kowane garin da ya wuce, ba wanda ya tambaye shi. Baba kuwa ya shiga, ga koren ɗigo kusa da sunansa, amma ko uffan.

Ranar Laraba da hantsi, Goggo tana tsakiyar bayanin farin maɓalli, akwatinta ya dushe. A ƙasan shafi aka ga layi: Baba yana rubutu.

Injiniya tana cikin shan shayi, ta ajiye kofin ba ta san inda ta ajiye ba. Ta zuba wa layin ido har shayin ya huce, har mai shagon ƙasa ya rufe ya tafi cin abinci ya dawo. Baba yana rubutu. Washegari da safe ma Baba yana rubutu.

To, kulle zaure ɗaya ai ba ya hana mutum buga waya. Amma dangin nan sai a hankali. Tunda Baba bai gama ba, sai kowa ya ga kamar rashin kunya ne a ji muryarsa ko'ina. In sun kira juna raɗa suke yi. Auta ta ci jarrabawa ta rasa yadda za ta faɗa, ta haɗiye abinta. An yi haihuwa a gidan wani ɗan Kawu, sai rubutawa aka yi a takarda ana miƙawa hannu da hannu.

Tambayar Baba me yake rubutawa kuwa, wa ya isa? Mama da take gida ɗaya da shi ta ce ita dai tana ganinsa yana shan shayinsa yana jin rediyonsa, wayar tana kan taga a jone da caja, ba za ta taɓa masa kaya ba.

Da aka kwana huɗu sai kowa ya ɗauka da shi Baba yake. Kawu Direba ya hawo ofis, ya zauna a kujerar baƙi, ya cire hula ya ce, "'Yata, in kan maganar motar nan ce da na goga wa bango shekara takwas da suka wuce na ce iska ce, ki gaya masa na amsa laifina." Goggo Tela ta mayar da keken ɗinkin da ta ara a gidan Baba tun Injiniya tana firamare, ta ajiye a ƙofar gida ta gudu. Yaya Babba kansa ya aske gashin bakin da Baba ya taɓa yi wa kallo sau ɗaya, ya zo da leɓe fari tas yana tambaya ko akwai alamar Baba ya kusa kaiwa aya.

"Ba na ganin abin da ke cikin akwatin, Yaya. Sai ya aika yake zuwa wurina. Abin da na sani kawai, akwai wani abu a ciki."

"Dogo ne?"

"Ko harafi ɗaya ne haka zai nuna."

Yaya ya shafa inda gashin baki yake a da, ya ce wannan ba harafi ɗaya ba ne, shi ya san Baba.

Abokin aikinta, wanda suke kira Mai Gilashi, ya gaji da dangin da ke hawowa suna raɗa a kansa. Ya ce, "Ke, layi shida ne fa. Goge su ki huta. Ko ki ba ni in goge."

Gaskiyarsa, aikin minti biyu ne. Sau uku tana buɗe fayil ɗin tana rufewa. In ta goge, layin nan na ƙasa zai ɓace, shi kuwa shi ne abu na farko da Baba ya yi a gabanta cikin shekara uku wanda ya yi kama da shirin magana. Tana kuma tsoro. Wataƙila hannunsa ne ya goga. Wataƙila ce mata zai yi a gaban mutum arba'in ta kwashe wannan shirmen. Ta gwammace jira da ta san ko wanne ne.

Ranar tara Auta ta zo ta fashe da kuka, ta ce sakamakonta zai tsufa ba wanda ya taya ta murna. Nan Injiniya ta ji kunya ta kama ta. Ta rufe kwamfuta ta hau motar haya zuwa gida.

Keken ɗinkin Goggo yana nan a ƙofa, ba wanda ya yi ƙarfin halin shigar da shi. Mama ta nuna mata falo da haɓa, ta koma kicin da sauri. Baba ba ya ciki, sai rediyonsa da tabarau a kan kujera. Wayar tana kan taga. Injiniya ta ɗauka, ta taɓa fuskar, shafin da ta gina ya buɗe.

Kalma ɗaya ce a akwatin, da waƙafi a bayanta: Uwata,

Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, kuma duk duniya shi kaɗai yake kiranta haka. Ta tsaya tana kallon ɗan siririn layin nan da ke ƙyaftawa bayan waƙafin, hawaye ya cika mata ido.

Ta ji takunsa a bayanta. Ya tsaya a bakin ƙofa da tawul a kafaɗa, ya dubi wayar, ya dube ta, ya nemi agogon bango, amma agogon yana bayanta, ba yadda zai kalle shi bai kalle ta ba.

Ta ce, "Na'am, Baba."

Rediyo ya gama labarai ya shiga tallan sabulu.

"Ai ban aika ba," in ji shi.

"Na ji dai."

Ya ɗauke tabarau daga kan kujera ya zauna, ya janyo ƙaramar kujerar da ke gefe da ƙafarsa har ta matso kusa da shi.

"Ajiye abin nan ki zauna. Rubutun yana ba ni wahala."