Layin Kunnen Kawu

Na daɗe da sanin akwai mai yi mini zagon ƙasa a gidan rediyon nan, kuma na san da kwamfuta ake yi.

Shirin kiran waya nake gabatarwa da hantsi, tun kafin a yaye wasu daga cikin masu kiran. Kawu kowa yake ce mini, har Manaja. Mutum zai bugo ya kawo kukansa, famfon layinsu ne ko rigimar maƙwabta, ni kuma in saurara in ba shi amsa. Aikin ke nan, ji da amsawa, kuma ranar da ka kasa ɗaya sai ka ba da kujera. Tawa kujerar kuwa akwai mai jiran ta: abokin gabatarwar da aka haɗa ni da shi bara, wanda muke kira Ɗan Gayu saboda turarensa yana riga shi shiga situdiyo.

Da can na'urar haɗa sautinmu ƙaton akwati ne mai maɓallai, kowa yana ganin abin da ake murɗawa. Da ta mutu sai Injiniya, matar da take kula da sautin gidan, ta sa wata 'yar manhaja a kwamfutar teburinta. Na taɓa leƙawa a farkon zuwanta. 'Yar taga ce a kusurwar allo mai layuka a tsaye, kowane layi da maɓallin da ake ja sama ko ƙasa. Layin masu kira daban, na kiɗa daban, na makirufo daban, sannan kowane mai gabatarwa da layin abin kunnensa, wanda yake jin masu kira ta cikinsa. Fuskar allon tana wajenta, mu ƙeyarsa muke gani ta gilashi. Dokar gidan kuma ita ce mai gabatarwa ba ya taɓa teburin sauti. In kana son ƙari, ka ɗaga mata yatsa.

To, tun zuwan manhajar nan muryar masu kira ta fara yi mini nisa, kamar daga cikin rijiya suke magana. In ɗaga yatsa, Injiniya ta gyaɗa kai, hannunta ya motsa, abu ya ɗan gyaru. Bayan 'yan kwanaki sai a koma gidan jiya. Na lura Ɗan Gayu bai taɓa ɗaga nasa yatsan ba. Yana zaune yana murmushi, komai yana shigar masa kunne tangaran.

Sai kuma ya tsiri wata sabuwar ɗabi'a. Mai kira yana rufe baki, kafin in ce uffan, sai ya karɓe, wai Kawu, abin da wannan bawan Allah yake cewa shi ne kaza da kaza. A gaban duk masu sauraro yake tauna mini magana yana sa mini a baki. Raina ya ɓaci sosai. Na ce a zuciyata, wato Injiniya tana rage mini sauti daga can, shi kuma yana nuna wa duniya cewa tsoho ya gaji.

Na fara sa musu ido. Na tarar da su a baranda suna ƙus-ƙus, ina ɓullowa suka yi tsit, Ɗan Gayu ya kama gyaran agogonsa. Wata rana na gan shi tsaye a bayan kujerarta yana nuna allon da yatsa, ita kuma tana girgiza kai. Shi da doka ta hana ya taɓa teburin, me ya kai shi can? Na kai wa mai ɗakina labari, ta ce wani abu tana wanke kwanuka, ban tsaya bi ta kai ba, don na san haƙuri za ta ba ni.

Washegari bayan shiri na zagaya ɗakin sautin, na ce wa Injiniya ta nuna mini layina. Kafin in ƙarasa teburin ta danna wani abu, 'yar tagar ta ɓace.

"Kawu, ka bar mini wannan. Aikina ne," ta ce, ba ta ko kalle ni ba.

Mai gaskiya ba ya ɓoye allo, haka na yanke. Daga nan ofishin Manaja na wuce.

Manaja ya saurare ni yana juya biro. Ya ce lallai ƙorafi ya iso masa cewa Kawu yana yawan sa mutane su maimaita magana, har ya fara tunanin ko a sake fasalin shirin. Na ce masa ai abin da su Ɗan Gayu suke so ke nan. Na roƙe shi abu ɗaya: ya faɗo ɗakin sautin ba sanarwa, muna tsakiyar shiri, ya ga inda aka ajiye layina da idonsa. In ya ga an danne ni ƙasa, ya san hukuncin da zai yi. Ya ce ya ji.

Ya cika alkawari. Muna shiga hutun talla na hango shi ya turo ƙofar ɗakin sautin. Na cire abin kunnena na ajiye a tebur, na fita da saurina, Ɗan Gayu ya biyo ni yana riƙo mini hannun riga, na fizge. Injiniya ta kai hannu za ta rufe tagar, Manaja ya ce ta bari. Ta ɗago ta dube ni. Na zaci tsoro zan gani a fuskarta, sai na ga kamar tausayi, abin ya ƙara ba ni haushi.

Muka sunkuya kan allon. Layin masu kira yana tsakiya. Na Ɗan Gayu yana ƙasa da tsakiya kaɗan. Na bi da ido zuwa na ƙarshe, wanda aka rubuta Kawu a ƙarƙashinsa. Maɓallin yana can ƙololuwa, ya dangana da rufin layin, har launinsa ya koma ja.

Na ce an sauya sunayen ne, nawa aka liƙa wa nasa. Manaja bai yi musu ba. Ya shiga situdiyo, muna kallonsa ta gilashi, ya ɗauki abin kunnen Ɗan Gayu ya saurari tallan da ke tafiya, ya ajiye. Ya ɗauki nawa ya ɗora a kai. Ko zama bai yi a kunnensa ba ya fizge shi, ya runtse ido yana murza kunne.

Da ya dawo, Injiniya ta yi maza ta ce abin kunnen ne ya tsufa, za ta sauya shi yau ɗin nan. Manaja ya tambaye ta tun yaushe layin yake can sama. Ta kama gyara wayoyin teburin. Ya sake tambaya.

Ni ta fuskanta da za ta amsa, tana buɗe baki sosai, a hankali, yadda na lura ta jima tana yi mini magana.

"Kawu, kullum ka ɗaga yatsa sai in ƙara, ban taɓa mayar da shi ƙasa ba. Ya kai ƙarshe tun watan jiya. Tun daga nan hannu kawai nake motsawa don ka gani. Shi ya sa na roƙi Ɗan Gayu ya riƙa maimaita maka, kafin mu san yadda za mu faɗa maka ba tare da maganar ta je ofis ba."

Ɗan Gayu yana jingine da bango, kansa a ƙasa. Kunya ta rufe ni, tsoro kuma ya biyo bayanta, don ni da ƙafata na je na ɗauko mutumin da suke ɓoye wa.

Tallan ya kusa ƙarewa. Manaja ya ce wa Ɗan Gayu ya koma ya riƙe shirin. Sannan ya juya ya nufi ƙofa, ya tsaya riƙe da marfinta, ya ba ni baya. Na ga gefen haɓarsa yana motsi. Da ya gama sai ya waiwayo, Injiniya ma ta ɗago, su biyun suna kallona suna jiran amsa.

Ban ji abin da ya tambaye ni ba.